Idan na'urar ɗumama gida ta daina jin umarnin waya, daga ina za a fara bincike?

A Birtaniya da sauran ƙasashen Turai, gidaje da dama sun haɗa tukunyar ɗumama ruwa da na'urar daidaita zafi irin su Nest, Hive ko Tado, wadda ake sarrafawa ta waya. Idan gida ya yi sanyi a tsakiyar hunturu, mutane kan garzaya ga manhaja, alhali ita ce ya kamata a duba daga ƙarshe.

A fara da tukunyar kanta. A galibin gidaje, ma'aunin ƙarfin ruwa ya kamata ya nuna tsakanin 1 da 1.5 idan ta huce, kuma idan ya faɗi sosai tana iya ƙin tashi. Buɗe cikinta kuwa aikin ƙwararren ma'aikacin gas ne. Daga nan sai batirin na'urar, sannan intanet: yawancin waɗannan na'urori layin Wi-Fi na 2.4 GHz suke kamawa, shi ya sa sauya akwatin intanet ke yawan katse su.

Abin da ya fi rikitarwa shi ne umarni biyu. Idan an tsara lokutan kunnawa a manhajar na'urar, aka sake tsara wasu a Home Assistant, ɗaya na kunnawa ɗaya na kashewa. A bar tsari guda.

Wani lokaci ma matsalar ba daga gidan take ba. A watan Oktoban 2025, Google ya daina tallafa wa tsofaffin na'urorin Nest, ciki har da samfurin Turai na 2014. Suna nan suna aiki, amma sai da hannu.