Zama da Wutar Sola a Gida

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, magidanta da dama a Kano da Kaduna suka karkata ga wutar sola, suna neman sauƙi daga tsadar mai da hayaniyar janareta.

Faifan da ake girkawa a kan rufi shi ke mai da hasken rana lantarki, inbata kuma ta sauya shi zuwa irin wanda fanka da firji ke amfani da shi; amma haƙiƙanin al'amarin, wanda galibin masu saye ke gafala da shi, yana ga batir, domin shi ne taskar da gida ke ci daga cikinta bayan magariba. Batirin dalma, duk da arharsa, ba ya jure a zuƙe fiye da rabin cajinsa kullum, zafin bazara kuma yana gajarta kwanansa, har yakan mutu cikin 'yan shekaru. Na lithium kuwa, ko da yake yana da tsada, yana jure a sha kusan kashi 80 cikin 100, ya kuma daɗe yana aiki. A ra'ayina, duk mai hali shi ya kamata ya saya.

Ƙurar hunturu tana lulluɓe faifai ta rage ƙarfinsa, saboda haka a riƙa wanke shi da sassafe kafin ya ɗauki zafi. Ayyuka masu cin wuta, kamar guga da tura ruwa zuwa tanki, maslaharsu a yi su tsakanin hantsi da azahar, a bar batir ya cika kafin la'asar.