Mutum-mutumin teloli da tallar jikin mace: daga Kano zuwa Tamanrasset

A ƙarshen watan Yunin 2021 Hukumar Hisbah ta Jihar Kano ta hana teloli da masu shagunan tufafi tallar kaya a jikin mutum-mutumi. Kwamandanta na lokacin, Sheikh Harun Ibn Sina, ya ce abin ya yi kama da gunki, ga kuma fito da surar jiki. Daga baya aka ce in an cire kan aka suturta shi, ba laifi.

Maganar ta shafe mu a nan Tamanrasset, tunda atamfa da shaddar Kantin Kwari suna biyowa ta Agadez da In Guezzam, kuma yayin ɗinkin Kano na biye da su.

Turawa ma sun yi nasu hanin, sai dai damuwarsu daban ce. A Maris 2017 majalisar birnin Paris ta hana tallar da ke wulaƙanta mata a allunan birnin. Ingila ta bi a Yunin 2019, da ƙa'idar da ta hana tallar da ke cusa cewa wannan aikin na maza ne, wancan na mata. Wata 2 bayan nan aka dakatar da tallar motar Volkswagen: maza na can sararin samaniya, mace na zaune gefen keken jariri. Hisbah idon namiji take tsoro. Ingila kuwa abin da yarinya za ta ɗauka game da kanta.

Duk wanda ya ce rufe fuska na mata ne kaɗai, to bai zo Hoggar ba. A al'adar Buzaye namiji ne ke naɗa tagelmust ya ja amawali har kan hanci, wani ma da turkuɗin Kura ta Kano, mace kuwa fuskarta a buɗe.

Amma fa tallar ta koma waya. A Facebook da TikTok 'yar mutane ake sa wa doguwar riga, a ce ta juya, a ɗauki bidiyo. Mai shago ya sayar da kayansa, ita kuma bidiyon ya yi ta yawo, har ranar da dangin manemi suka zo bincike. Kafin a ɗora, ya kamata ta san inda za a sa shi, nawa za a biya ta, da kuma ko za a goge in ta ce a goge.