Kwanon maƙwabciya ba shi ne matsalar ba

Duk shekara, da hunturu ya kunno kai, makarantun kuɗi da yawa tsakanin Suleja, Dikko, Lambata da Gawu Babangida sukan cusa wa yara takarda a jaka: a kawo kuɗin fatin ƙarshen shekara, a sayi jar hula, za a yi waƙe-waƙe, Baban Kirsimeti zai raba kyauta. Kafin mako ya zagayo gardama ta cika zaurukan WhatsApp na iyaye, kowa na tura guntun wa'azin malaminsa. Abin haushin shi ne inda hukuncin yake sauka. Makarantar da ta aiko takardar ba mai tunkararta. Ko a biya a yi shiru, ko a ce yaro ba shi da lafiya ran bikin. Kwanon shinkafar da maƙwabciya ta aiko ran 25 ga Disamba kuwa, shi ake mayarwa ko a zubar a ɓoye. A gidajen Kiristoci ma akwai iyayen da ke hana yara taɓa naman layya. An bar jaki ana dukan taiki.

Ganin bikin wani addini ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Tun da Abu Ja ya kafa garin da ake kira Suleja a yau, a 1828, Hausawan Zazzau suke zaune da Gwarawa da Koro, kuma a ƙaramar hukumar Gurara ba abin mamaki ba ne a tarar da Musulmi da Kirista sun haɗa kaka ɗaya. Yaro ne ɗan aiken da ke kai kwano ya dawo da tukuici, uwarsa ta gaya masa abin da zai faɗa a ƙofa, da inda zai tsaya. Abin da ya sauya shi ne wurin da yaron ke haɗuwa da bikin, da kuma wanda ke tsaye kansa a lokacin.

Wurin yanzu makaranta ce, a nan ne kuma nake ganin tushen lamarin yake. Da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a 1991, sannan rusau na zamanin Nasiru El-Rufai tsakanin 2003 da 2007 ya kori masu ƙaramin ƙarfi daga birnin, jama'a suka kwararo Madalla da Suleja, suka ci gaba da bazuwa kan hanyar Minna. Makarantun gwamnati ba su ƙaru daidai da mutanen ba, sai na kuɗi suka tsiro lungu-lungu, wasu na majami'u, wasu na ƙungiyoyin Musulmi, wasu na 'yan kasuwa waɗanda addinin mai makaranta ne ke yanke addu'ar da za a yi a layin safe. Uba yana zaɓen makaranta ne don Turanci da sauƙin kuɗi da kusanci da gida, da wuya ya tambayi me ake rerawa kafin a shiga aji. Ɗan shekara huɗu kuwa ba ya bambanta maganar malama a kan lissafi da maganarta a kan Ubangiji. A wurinsa duk gaskiya ce, don malama ce ta faɗa. A tsakar gida uwa tana nan, tana iya cewa wannan nasu ne, namu kaza ne. A aji ba ta nan. Ƙara da cewa fatin hanyar samun kuɗi ce ga makaranta, shi ya sa ake matsa wa kowa ya biya, yaron da bai zo ba kuma ya sha tsokana. Ɗan Kirista da aka sa a jerin gwanon Maulidi don makarantarsu ce ta shirya, ba a tambayi iyayensa ba, shi ma wannan hali yake ciki. Alhali sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon addini ko halartar ibadar da ba ta addininsa ba ce, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Iyaye kaɗan ne suka san da shi, masu makarantu kuma ba su da dalilin tunatar da kowa. Rigimar 2017 a kan haɗe darussan addini a manhaja, da ƙorafin ƙungiyar Kiristoci ta CAN lokacin da Kano, Katsina, Kebbi da Bauchi suka rufe makarantu don azumin 2025, duk suna nuna fagen da takaddamar ta koma.

Tsoro ma ya yi nasa aikin, babu mai musun haka a nan. Bam ɗin da ya tashi a cocin Katolika na St. Theresa da ke Madalla ran Kirsimetin 2011 ya kashe mutane gommai, watanni bayan wanda ya tashi a ofishin hukumar zaɓe a Suleja. Tun daga nan ranar biki ta zama ranar shingen jami'an tsaro, ziyara ta ragu. Sai wa'azin waya ya cike gurbin, kuma guntun bidiyo na minti ɗaya ba ya ɗaukar rarrabewar da malamai suka yi. Ibn Taimiyya, wanda masu tsauri ke kafa hujja da shi, ya hana shiga bukukuwan waɗanda ba Musulmi ba, amma ya yarda a karɓi kyautarsu a ranar, ya yi togaciya a kan abin da aka yanka domin bikin. Yusuf Ƙardawi ya halatta har taya murna. A ɓangaren Kiristoci kuwa, Manzo Bulus, a sura ta 10 ta wasiƙarsa ta fari ga Korintiyawa, ya bar wanda aka gayyata ya ci abin da aka ajiye masa, sai in an shaida masa hadaya ce. Saɓanin gaske yana kan gaisuwa da yanka da halartar ibada. Babu ɗaya daga cikin mutanen nan uku da ya ce a koya wa yaro ƙyamar hannun maƙwabci.

Masu rufe ƙofa gaba ɗaya suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, alewa da fitilu da sabbin kaya sun fi bayani jan zuciyar yaro, kuma haƙƙin uba ne ya tsare aƙidar ɗansa. An yarda. Sai dai hujjar tasu makaranta take nunawa, inda ake maimaita waƙa kullum har ta zauna a baki, ba kwanon da ke zuwa sau ɗaya a shekara ba. Kuma ƙofar ba ta rufuwa. Abin da aka hana shi gani a gidan maƙwabta yana cikin katun ɗin da yake kallo a wayar uwarsa, ba tare da mai yi masa bayani ba.

Illar ta riga ta bayyana a yadda iyaye ke zaɓen makaranta. Masu hali suna kwashe yara zuwa makarantun boko haɗe da Islamiyya, ko na majami'arsu, kowa da irinsa, don su huta da takardar Disamba. Sun huta ɗin, amma yaron Gurara da ya tashi haka zai iya kai sakandare bai taɓa zama benci ɗaya da ɗan wani addini ba, a yankin da wannan ɗan wani addinin kan zama ɗan baffansa. Yaron da aka koya wa zubar da abincin maƙwabciya, wata rana abincin kakarsa za a miƙo masa. Ma'aikatar ilimi a Minna ce ke yi wa makarantun kuɗi rajista, tana kuma da ikon sharɗanta cewa duk taron da ya ƙunshi ibada sai da izinin iyaye a rubuce, kada a karɓi kuɗi daga wanda ya ƙi, a kuma tanadi malamin da zai zauna da yaran da ba su shiga ba. Kafin ma'aikatar ta motsa, taron iyaye da malamai na zangon farko, wanda ake yi tun ba a buga takardar ba, shi ne wurin da ya kamata a tayar da maganar.