Sha'ir, Yauƙi da Inzayim a Abincin Aladu

A ƙasashe masu sanyi irin su Denmak da Finlan da yammacin Kanada, sha'ir yana cikin manyan hatsin da ake kiwon aladu da su. Sai dai ƙwayarsa tana tattare da wani cikas, wato wani sinadari da ake kira beta-gulukan, wanda jikin alade ba ya samar da abin narkar da shi. Idan ya jiƙa a hanji sai ya yi yauƙi. Kalmar tamu ta dace da ma'anar ƙwarai da gaske, domin wanda ya san miyar kuɓewa ya san yadda yauƙi yake riƙe duk abin da ya faɗa cikinsa. Ruwan narkar da abinci yakan kasa ratsa abin da dabbar ta ci, har wani kaso ya fita a kashi bai amfani jiki ba.

Maganin da masana suka samo shi ne inzayim, wato sinadarin da yake hanzarta wargaza wani sinadarin takamaimai, shi kaɗai. A shekarun 1980 aka fara sayar da beta-gulukanes, wanda ake samu daga funfuna irin su Trichoderma, ana gauraya ɗan kaɗan cikin abinci. A kaji amfaninsa ya fito fili. A aladu kuwa lamarin bai kai haka ba. Dalili shi ne abinci ya fi daɗewa a cikin alade, ya kuma fi ruwa-ruwa, sannan ƙwayoyin bakteriya na tumbi da ƙaramin hanji suna cinye beta-gulukan mai yawa tun kafin ya yi ɓarna. Saboda haka 'ya'yan aladu sababbin yaye, waɗanda hanjinsu bai ƙosa ba, su suka fi cin moriyarsa. Manomin da ya saya domin manyan aladu yana iya kashe kuɗi ya ga ƙarin nauyi kaɗan, ko ma kada ya gani sam.

Wanda amfaninsa ya fi tabbata shi ne faites. Kusan kashi biyu cikin uku na fosfaras ɗin hatsi a ɗaure yake cikin sinadarin faitet, kuma mafi yawansa wucewa yake yi zuwa kashi, daga nan ya gurɓata ƙasa da ruwa. Wannan matsala ce ta sa aka fara sayar da faites a Holan a 1991. Sha'ir yana da nasa faites na halitta, amma zafin injin da yake dunƙula abinci yakan lalata shi, sai a mayar masa da na masana'anta.