Aurar da Marayu da 'Ya'yan Masu Ƙaramin Ƙarfi a Illela: Abin da Zakka Ke Ɗauka da Abin da Ba Ta Ɗauka

Daga cikin buƙatun da kwamitocin masallatai suke miƙo wa wannan gidauniya daga ƙaramar hukumar Illela, babu wadda ta fi jawo muhawara a zamanmu kamar ta aure. Wasu daga cikin masu ba da gudummawa sun tambaye mu, cikin ladabi, ko ya halatta a sayi katifa da tukwane da dukiyar zakka alhali ga marasa lafiya suna jiran magani. Tambaya ce mai nauyi, kuma haƙƙinsu ne su ji amsarta a wannan rahoto.

Illela gari ne da rayuwarsa ta rataya a kan iyaka. Tsakaninsa da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar tafiyar mintoci ce, dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu, auratayya kuwa ta girmi shingen da ya raba su. Kasuwar ranar Lahadi, musamman karar dabbobi, ita ce ke ciyar da dillali da ɗan dako da mai tuwo da ɗan kabu-kabu. An rufe iyakar a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020. Aka sake rufe ta bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, wata biyu kacal bayan cire tallafin man fetur, har zuwa Maris na 2024 da Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A kowane karo ciniki ya ja baya, darajar naira ta ƙara faɗuwa a gaban sefa, abin da uwa ta shekara tana tarawa a adashi ya kasa sayen rabin abin da ta yi niyya. Sakamakon haka shi ne abin da limamai suke kawo mana: an sa rana an ɗaga, an sake sawa an sake ɗagawa, har manemi ya gaji ya janye, ko kuwa uba ya jinginar da gonarsa ta fadama don a fita kunya.

Idan aka zauna aka warware kuɗin da aure ke ci a wannan yanki, za a tarar abin da shari'a ta wajabta shi ne mafi ƙanƙanta a ciki. Sadaki wajibi ne, haƙƙin amarya ne ita kaɗai, mafi ƙarancinsa kuwa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne ko dirhami uku, kamar yadda kowane almajirin Risala ya sani. Dinari guda yana kusan giram 4.25 na zinariya, wato rubu'insa ya ɗan haura giram ɗaya. Sai waliyyi da shaidu biyu da siga. Walima sunna ce, kuma Manzon Allah (SAW) ya umarci Abdurrahman bn Auf da ya yi ta ko da da akuya guda. Wurin zama da ciyarwa da tufatarwa suna wuyan miji gwargwadon hali.

Sauran duka al'ada ce: kuɗin na-gani-ina-so, gaisuwar iyaye, kayan sa rana, lefe, anko, kamu, wunin biki, gara. Ba mu ce al'ada haramun ce ba, domin da yawa daga cikinta an kafa ta ne don ƙulla zumunci, kuma gudummawar biki da mata suke yi wa juna tsohon tsarin taimakekeniya ne da ya rufa wa gidaje asiri tun kafin a san wata gidauniya. Inda ta ɓaci shi ne da ta koma gasa. Akwatunan lefe sun zama abin ƙirgawa a gaban maƙwabta. Gara, wadda asalinta ɗan guzuri ne na alkaki da nakiya da man shanu, ta koma buhunan shinkafa da katan-katan na taliya da jarkokin mai, har ana goranta wa yarinya a gidan miji idan tata ta yi kaɗan. Nauyi mafi girma kuwa yana faɗawa kan gidan amarya ne, ta hanyar kayan ɗaki da na girki, wato a kan uwa, wadda a gidan marayu ita ce uba ita ce uwa.

A nan ne amsar tambayar da aka yi mana take. Allah Ya iyakance masu cin zakka gida takwas a aya ta 60 ta Suratut Tauba, babu aure a cikinsu a matsayin gida mai zaman kansa. Saboda haka ba ma ba da zakka don an zo da katin ɗaurin aure. Muna ba da ita ne ga faƙiri ko miskini, domin buƙatar da ta zama lalura a gare shi, kuma malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa marainiya matalauciya ana iya ba ta daga zakka abin da za ta yi lalurorin aurenta da shi. Kalmar da muka riƙe ita ce lalura. Gado da katifa, tabarma ko leda ta shimfiɗa, tukwane biyu ko uku, kwanukan ci, bokiti da buta, murhu, 'yan tufafin da za ta suturta da su: waɗannan lalura ce. Kujerun falo, da kabad mai madubi, da jeren kwanukan da ba za a taɓa cin abinci a cikinsu ba, da kuɗin makaɗa ko hayar wurin liyafa, ba ma taɓa su da ƙwandala ɗaya ta zakka. Kuma abin da aka saya mallakin yarinyar ne, da sunanta ake rubutawa, saboda zakka ba ta cika sai an mallaka wa mai ita. Idan ƙaddara ta sa auren bai ɗore ba, da kayanta za ta fita.

Muna tunatar da masu dukiya abu guda da ake yawan kuskurewa: uba ba zai cire zakkarsa ya ba 'yarsa da ciyar da ita ke wuyansa ba. Amma 'yar ɗan'uwansa marainiya, wadda ba wajibinsa ba ce, ba ta zakka ya haɗa lada biyu.

Waƙafi kuwa yana da faɗin da zakka ba ta da shi, kuma a ganinmu nan ne kwamitocin masallatai suka fi yin sakaci. Mazhabarmu ta halatta waƙafin abin da ake iya ɗauka, har ma waƙafi na ɗan lokaci. Rumfa biyu, da kujeru, da tabarmi, da manyan tukwanen girki, da farantai, idan bawan Allah ɗaya ya saya ya tsayar da su a hannun kwamitin masallacin Juma'a, unguwa guda ta huta da kuɗin haya shekara da shekaru. Mai hali ya ara ya ba da ɗan abin gyara, mara hali ya ara kyauta. Sharaɗinsa littafin rajista da mutum ɗaya amintacce da ke riƙe da makulli, don kayan jama'a da ba su da mai tsaro ba sa kaiwa damina biyu. Haka nan shago ɗaya a bakin kasuwa, idan aka yi waƙafinsa, hayarsa za ta iya ɗaukar abin da zakka ba ta ɗauka, kamar abincin walima.

Akwai darasi a wajen maƙwabtanmu. Kano ta fara auren zawarawa a 2012 ƙarƙashin Hukumar Hisbah, a watan Oktoba na 2023 ma ta aurar da ma'aurata 1,800 a zama ɗaya. A nan gida Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato ta daɗe tana tallafa wa auren marayu ta hannun gundumomi. Amfanin haɗa aure da yawa a lokaci guda a fili yake: sayen sari ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi, kafinta ɗaya zai yi gadaje da yawa da rangwame, walima ɗaya ta wadatar, babu kuma amaryar da za ta ga ta wata ta fi tata. Haɗarinsa shi ne a ɗaura aure saboda kayan da za a raba. Don haka ba ma haɗa kowa da kowa. Sai wanda iyalai suka riga suka daidaita, yarinya ta yarda da bakinta a gaban matan kwamiti, sannan aka tabbatar angon yana da sana'a da ɗakin da zai ajiye mata. Saurayin da ba shi da abin yi, jari ya fi dacewa da shi a bana, aure ya biyo baya.

Lokaci ma kuɗi ne. Bukukuwa suna cunkushewa a bayan kaka da kuma watan Sha'aban, lokacin da kafintoci da teloli suke tsauwala farashi. Iyalin da suka sanar da kwamiti wata huɗu ko biyar kafin ranar suna ba mu damar sayen hatsi da kaka, sa'ad da gero da dawa suka fi araha, da ba da aikin katako tun kafin rububi. Buƙatar da ta zo saura mako guda kusan kullum ta fi tsada, sau da yawa ma an riga an ci bashi.

Abu ɗaya ne ba ma yarda a yi tsimi a kansa: gwajin lafiya kafin aure. Gwajin jini na sikila da na ƙanjamau da na ciwon hanta kuɗinsa bai kai na turmin atamfa mai kyau ba, alhali ɗa guda mai sikila zai iya cinye abin da gida ya mallaka, ban da wahalar da yaron zai sha. Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Mu mun mayar da shi sharaɗi, kuma gidauniya ce ke biya daga asusun sadaka, sakamakon kuwa tsakanin ma'auratan ne da ma'aikacin lafiya.

Roƙonmu ga limamai shi ne su riƙa kiran waliyyan ɓangarorin biyu tun ranar da aka kai gaisuwa, a yanke iyakar lefe da gara a rubuce kafin mata su fara shiri, domin abin da uba ɗaya ke jin kunyar faɗa wa surukinsa, liman yana iya faɗarsa ga su biyun. Inda ɗaya daga cikin iyalan yake Ƙonni ko ƙauyukanta, a ambaci sadaki da kuɗin da za a biya shi, naira ko sefa, tun a wannan zama, saboda canji yana motsawa tsakanin sa rana da ɗaurin aure. Kwamitin da ke da marainiyar da aka sa wa rana kafin azumi mai zuwa ya aiko mana da takardarta, da sa hannun liman da na mai unguwa, kafin watan Rajab ya kama.