Yadda Ake Haɗa Ƙugiyar Jan Tirela a Motar Gona

Manomi, idan kana da akori-kura ko jif mai shiga daji, za ka iya haɗa mata ƙugiyar jan tirela da kanka domin kwaso amfanin gona. Sai dai kada ka ɗaura ta a jikin bamba. Bamba ba ta ɗaukar nauyi, kuma tirela cike da buhunan masara za ta iya fizge ta a kan gangare. A jikin shasi ake ɗaurawa, a ramukan da kamfani ya riga ya huda, da kusoshi masu ƙarfi. Guji yi wa shasi walda. Tabbatar ƙwallon ƙugiyar ya dace da bakin tirela. Wanda aka fi samu mai faɗin milimita 50 ne. Bayan tafiyar farko, sake ɗaure notocin.

Kafin ka taɓa waya, cire kan batir mai alamar ragi. A soket mai ramuka 7 irin na Turai, rawaya ta siginar hagu ce, koriya ta dama, ja ta birki, baƙa da ruwan ƙasa na fitilun baya, shuɗiya ta fitilar hazo.

Farar waya ita ce ke mayar da wuta jikin ƙarfe, kuma a nan aka fi yin sakaci. Kankare tsatsa da fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli kafin ka ɗaure ta. In ta yi sako-sako, fitilu za su riƙa kamawa barkatai, direban da ke bayanka da dare ba zai san ka taka birki ba. Sa wani ya tsaya baya yayin da kake gwada kowace fitila.