Fata, manzon jiki ga masu ɗauke da ƙwayar SIDA

A shekara ta 1981, cikin alamun farko da suka sa likitocin Amurka gano ciwon SIDA, akwai tabo masu duhu bisa fatar waɗansu samari, wato sankarar Kaposi. Tun lokacin nan aka san fata ita ce ke fara ba da labari in ƙwayar ta raunana garkuwar jiki.

Alamun suna da yawa. Akwai ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi ga hannuwa da ƙafafu, waɗanda ke barin baƙin tabo. Akwai zona, ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi da kan jeru gefe guda na jiki kamar ɗamara. Makero da ƙazwa kan ƙi jin magani, amosani ya rufe kai, gashi ya yi laushi ya zube, farce ya yi kauri ya dinga gutsurewa.

Amma kowane daga cikin waɗannan yana kama wanda ba shi da ƙwayar. Saboda haka nuna maƙwabci da yatsa don an ga tabo jikinsa zalunci ne, kuma kunyar da kan biyo baya ita ke hana mutane zuwa asibiti. Awon jini kaɗai ke raba gardama.

Wanda ya kama shan maganin ARV kullum, garkuwarsa takan farfaɗo, yawancin ƙurajen su kwanta. Sai dai in sabon magani, kamar kotirimozazol, ya kawo ƙuraje da zazzaɓi da gyambon baki, wajibi ne a nemi likita ran nan, ba sai gobe ba.